Yaron Wane Ne? Tarihin Shiga Tuƙin Babbar Mota a Iyakar Bagudo

Duk inda babbar mota ta tsaya a kan gangara, kafin direba ya kashe inji wani ya riga ya diro da guntun katako a hannu ya cusa shi ƙarƙashin taya. Katakon shi ne weji. Mai ɗauke da shi kuwa shi ne yaron mota, wanda mutanen tasha suka fi sani da karen mota, sunan da waƙar marigayi Ɗan Maraya Jos ta ƙara bazawa a ƙasar Hausa. Tsofaffin direbobin gingimari da na tirela da yawa a Arewa daga wannan katako suka fara, shekaru kafin hannunsu ya taɓa sitiyari.

Saurayin da ya tashi a Lafagu, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, ya sa ransa ga wannan sana'a, ƙofa biyu zai tarar a gabansa. Ta farko ta hukuma ce: makarantar tuƙi, gwaji, lasisi. Ta biyu ta maigida ce: ya bi wani direba har ya yarda da shi, ya kuma tsaya masa a gaban mai mota. Ƙofar hukuma ba ta daɗe ba. Ƙofar maigida kuwa ta girmi mota, ta girmi kwalta, ta girmi ita kanta iyakar Najeriya da Benin. Wanda bai san tarihinta ba zai yi ta mamakin yadda ake samun matashi da lasisi a aljihu amma babu mai ba shi makulli.

Hanyar da ta girmi mota

A ƙarni na 19 babbar hanyar arzikin ƙasar Hausa ta yamma ita ce ta Gwanja, inda ake sayo goron ƙasar Asante a kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da Jega, su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Illo, wadda yau take ƙaramar hukuma ɗaya da Lafagu, tana cikin sanannun mahayan wannan hanya, kuma Giris ce bakin ruwanta. Kayan tafiya su ne kanwa, tufafin rini, jan fata da busasshen ganyen albasa. Kayan dawowa goro ne, wanda ba ya son zafi ba ya son sakaci: sai an riƙa kwance shi ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa ana sāke ganye, in ba haka ba dukiyar wata da watanni ta lalace a bayan jaki.

Ayarin ba ƙarami ba ne. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani a Kaiama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta mutanensa da fiye da dubu, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Taro irin wannan ba ya tafiya sai da tsari. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke shawarar tashi da sauka. Jagaba yana gaba, ya san rijiya da mashigi da inda ’yan fashi ke kwanto. Uban dawaki ke tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya da masu fito. A kowane zango akwai maimasauki da ke ajiye kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa baƙonsa in rigima ta tashi.

Babu makarantar da ke koyar da wannan. Yaro kan shiga ayari a matsayin mai kora jakin wani, ya yi ɗaurin kaya, ya ɗebo ruwa, ya kwana yana gadi. In ya nuna hankali da riƙon amana, maigidansa ya ba shi ɗan jari ko jaki guda ya juya. Da haka gidajen Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebarin da Gummi ta kasance babbar cibiyarsu suka riƙa renon fataken gobe. Dukiyar da ke nesa da idon mai ita ba ta da mai tsaro sai halin wanda aka ba. Saboda haka tambayar farko a zango ba ta wuce “Yaron wane ne?”

Layin da aka ja a Faris

Ƙarshen wannan ƙarni ya zo da abubuwa biyu da suka karya tsohuwar hanya. Na farko, Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante kan arewa ya yi rauni, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892. Na biyu, Ingila da Faransa suka shiga tseren mallakar Bargu. Frederick Lugard ya isa Nikki a Nuwamban 1894, kwanaki kaɗan kafin Bafaranshe Decoeur, kowannensu yana neman hannun sarki a kan takarda. An raba gardamar a yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yunin 1898: Nikki ta tafi hannun Faransa, Illo da Busa suka zauna wajen Ingila, aka kuma sa layin ya faɗa kogi mil goma a sama da Giris.

Da wannan zanen alƙalami, yankin da ya saba zama tsakiyar hanya ya koma bakin ƙasa. Dangi ɗaya, masu harshe ɗaya, Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawan zango, suka wayi gari wasu na biyan haraji da kuɗin Ingila wasu da na Faransa. Zirga-zirga ba ta tsaya ba, domin kasuwa da aure ba su san layi ba. Abin da ya sauya shi ne daga ranar, samun mai sufuri a wannan yanki ya rataya ga shawarar da ake yankewa a birane masu nisa. Har yau haka abin yake.

Dogo, sannan lori

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Goro ya daina bin bayan jaki ta Bargu, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan dogo ya hau da shi Arewa. Fataken da suka fahimci zamani suka bi kayan. Alhassan Ɗantata, ɗan gidan madugai na Agalawa, ya yi cinikin goro ta teku kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ’ya’yansa kuma, musamman Sanusi, suka zuba jari a motocin sufuri. Wannan ya nuna cewa lori bai zo da sababbin mutane kaɗai ba. Ya shiga hannun gidajen da suka riga suka san yadda ake ba yaro amana a aike shi nesa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta fi son mota ta zama mai kai wa jirgi kaya, ba kishiyarsa ba. Ƙarin kuɗin lasisi da aka ɗora wa motocin da ke gogayya da dogo shi ya jawo yajin aikin masu motoci na 1937 a Kudu. Amma yankin Gwandu da Yawuri da Illo bai taɓa ganin dogo ba, don haka a nan mota ba ta da kishiya sai jaki da raƙumi da kwalekwale. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da suka koyi tuƙi da kanikanci a bakin daga suka dawo gida da sana'a a hannu, motocin Bedford da Austin masu bodin katako suka yawaita, kaya a ƙasa fasinja a sama.

A tsallaken iyaka ma labarin ya yi kama. Dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai ƙarasa kogi ba. Ragowar tafiyar zuwa Nijar ta zama rabon manyan motoci, ta Kandi zuwa Malanbil, inda aka gina gadar da ta haɗa ta da Gaya a ƙarshen shekarun 1950. Malanbil ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin. Yaron Illo ko Lolo ko Lafagu ya tashi da manyan hanyoyin mota guda biyu a kusa da shi: ta Faransawa a yamma, da ta Najeriya a gabas, wadda ta taso daga Legas ta bi Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri, Koko da Jega zuwa Sakkwato. Har zuwa ranar 2 ga Afrilun 1972, da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direban da ya tsallaka Dahome sai ya sauya hannu, ya sauya kuɗi, ya sauya harshen gaisuwa da jami'i.

Shekarun arzikin man fetur suka kawo zamanin Marsandi 911, wadda ta yi suna wajen jure mugunyar hanya. Gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Marsandi a Inugu. Yayin da hukumar jiragen ƙasa ke durƙushewa, siminti da taki da man fetur da shanu duk suka dawo kan kwalta. Direban babbar mota ya zama mutum mai daraja a garinsu, wanda mawaƙa ke ambato, wanda in ya dawo daga Kurmi yara ke bin motarsa da gudu.

Makarantar da ba ta da allo

Tsarin koyon bai sauya sosai ba tun wancan zamani. Uba ko kawu ko wani dattijon tasha ne ke kai yaro wurin direba ya ce ga ɗanka. Wannan kaiwar ita ce takardar shaidar farko, domin in yaron ya yi ɓarna an san ƙofar da za a buga. Daga nan aiki ya fara daga ƙasa: wanke mota, ɗaura tamfol da igiya, duba ruwa da baƙin mai da asuba, ɗaga jak, kwance taya a kai wa mai faci, dafa abinci a gefen hanya, kwana a ƙarƙashin mota ana gadin batir da gas. In Oga zai yi ribas, yaro ne idonsa na baya, yana bugun bodi: bugu ɗaya ma'anarsa daban, biyu daban.

Sitiyari yana zuwa a hankali. Da farko a ce ya tayar da inji ya ɗuma. Sai a bar shi ya gyara fakin a cikin gareji. Bayan an daɗe, a miƙa masa mota babu kaya a miƙaƙƙiyar hanya, Oga na gefe yana sauraren yadda yake sauya giya. Sai ranar da aka ba shi ita da lodi, sai ranar da Oga ya kwanta a gadon baya ya yi barci na gaske. Wannan barcin shi ne jarrabawa ta ƙarshe. Babu albashi a tsawon waɗannan shekaru sai kuɗin abinci da ɗan abin da yaro ya samu na ƙananan kaya a hanya. Ladan yana ƙarshe: ranar da maigida zai kai shi gaban wani Alhaji mai mota ya ce na yarda da shi.

Abin da ake koyo ya fi tuƙi yawa. Akwai rabon nauyi a bodi don kada mota ta kwanta a kwana. Akwai sanin cewa a doguwar gangara giya ake riƙe mota da ita, wanda ya dogara ga birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Akwai sanin kaya: albasar Aliero tana son iska kamar yadda goron Gwanja ke son ganye, shanu kuma in ɗaya ya kwanta ba a tashe shi ba sauran za su tattake shi. Akwai lissafin kuɗin hanya da kamasho da balas ɗin mai mota. Akwai iya magana a shinge, inda fushi ke jawo kwana uku, haƙuri ya sa a wuce cikin minti goma. A bakin iyaka kuma akwai ɗan Faransanci da Dandanci da lissafin sefa. Jagaban ƙarni na 19 da zai dawo, yawancin darasin ba zai zame masa baƙo ba.

Tsarin yana da nasa duhu. Yaro na iya shekara da shekaru wurin maigidan da ba ya da niyyar yaye shi. Yana iya gadon munanan ɗabi'u tare da kyawawa: tuƙin dare biyu babu barci, ƙwayoyin hana gyangyaɗi, lodin da ya wuce ƙima, ɗora mutane a kan buhuna. Wanda ya koya ta gani yakan ɗauki kuskuren malaminsa a matsayin doka.

Zuwan takarda

Hukuma ta shigo tsakanin maigida da yaronsa a matakai. A 1978 gwamnatin soja ta sāke fasalin ƙungiyoyin ƙwadago, aka samu ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta NURTW, wadda ta zama mai iko da tasha da layin lodi. Masu motocin kaya suna da tasu ƙungiyar, NARTO, direbobin tanka kuma suna da reshensu a ƙarƙashin NUPENG. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Lasisi ya zama iri ɗaya a faɗin ƙasa, an raba shi aji-aji, mai jan tirela yana buƙatar ajin G. Daga baya aka wajabta bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita kafin gwajin jami'an VIO, aka kuma fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a 2017.

Waɗannan dokoki sun zo ne domin rayukan da ake asara a hanya, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Amma makarantun tuƙi a birane suke, yawancinsu kuma da ƙananan motoci suke koyarwa. Manyan kamfanonin siminti, irin su Dangote a Obajana da BUA da ke da masana'anta a Kalambaina kusa da Sakkwato, suna ɗaukar direbobi da takarda da gwajin lafiya da albashi, wanda hakan sabuwar hanya ce ga mai ilimin boko. Sai dai su ma suna neman shekarun gogewa da mai tsayawa. Lasisi yana shaida cewa hannu ya iya. Mai motar da ya sa dukiyar rayuwarsa a kan taya goma sha huɗu yana son wanda zai shaida hali.

Iyaka a buɗe, iyaka a rufe

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1975 ta yi alkawarin walwalar mutane da kaya, amma tarihin wannan iyaka na buɗewa da rufewa ne. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Janar Babangida. Karya darajar sefa a Janairun 1994 ya juya alƙiblar ciniki cikin dare ɗaya. An hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016, motoci kuma daga farkon 2017. A Agustan 2019 aka sāke rufe iyakoki, a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe mashigai huɗu a Disamban 2020, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil da Gaya, motoci suka yi dogon layi na makonni da watanni, kaya suka lalace, hankali ya karkata ga hanyar Segbana da Tsamiya zuwa Kamba.

Kowace rufewa tana da tasiri iri biyu a kan mai koyo. Babbar mota ba ta iya bin hanyar daji, don haka in an rufe ƙofa ita ce ke tsayawa, maigida ya sallami yaransa domin babu abin ciyar da su. A lokaci guda kuma fasa-ƙwauri yana ƙara tsada, babur da kwalekwale da ƙaramar mota su karɓe aikin. Saurayin da ke ganin sa'ansa na samun kuɗin mako a dare ɗaya da jarkoki a kan babur zai yi wuya ya yarda ya kwana shekaru a ƙarƙashin tirela don kuɗin tuwo. Ribar babur tana da saurin zuwa da saurin tafiya, ga harsashi ga kamu, kuma cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya rage ta. Amma shekarun da ta cinye na koyo ba sa dawowa.

Duk da haka kaya ba su ƙare ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafar fadamun Kwara da Gulbin Kebbi take tafiya injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi da Kano. Albasa da shanu da busasshen kifi suna gangarawa Kudu, siminti da taki suna hawowa. Lokacin da dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, farashin tumatir da albasa da nama ya nuna cikin ’yan kwanaki irin nauyin da ke kan waɗannan motoci. Sababbin matsaloli su ne tsadar gas da kayan gyara, da rashin tsaro a dazuzzukan iyaka ta ɓangarorin biyu, wanda ya sa sanin lokacin tafiya da wurin kwana ya sāke zama ilimin ceton rai kamar zamanin madugai.

Abin da ke gaban saurayin Lafagu

Wanda zai shiga sana'ar a yau ba shi da zaɓin ƙofa ɗaya. In ya tsaya ga maigida kaɗai, zai iya mota amma ya zauna a hannun kowane shinge, ba kuma zai samu shiga kamfani mai albashi da inshora ba. In ya tsaya ga takarda kaɗai, musamman wadda aka samo ta bayan fage, zai riƙe lasisin motar da bai taɓa saukowa da ita gangaren Jebba da lodi ba. Waɗanda suka daɗe a hanya sukan ba da shawara iri ɗaya: a zaɓi maigida kafin a zaɓi mota, a duba ko ya taɓa yaye wani, a yi maganar wa'adi a gaban dattawa tun ranar farko, a nemi lasisi ta hanyarsa tun ana yaron mota, a kuma koyi karatu da lissafi gwargwadon da za a iya karanta takardar kaya kafin a sa hannu.

Giɓin da ke tsakanin ƙofofin biyu aiki ne da ke jiran ƙungiyoyin direbobi da hukumomin jiha. Shekarun da yaro ya yi a bayan tirela ba su da wata shaida a rubuce, tsohon direban da ya yaye mutum goma kuma ba a lissafa shi cikin malamai. Idan waɗannan dattawa suka ajiye makulli ba tare da an haɗa iliminsu da na takarda ba, motocin za su ci gaba da tafiya, amma a hannun waɗanda babu wanda ya yi barci a bayansu.

A garejin Kamba ko na Jega, idan baƙon matashi ya zo neman mota, mai ita zai karɓi lasisin ya juya shi gaba da baya, ya mayar masa. Sannan ya yi tambayar da maimasaukin Illo ke yi wa mai jaki shekara ɗari da hamsin da suka wuce: yaron wane ne?